Martani: Gyara hukumar tsere ake yi, ba a rushe ta

Na karanta rubutun da ɗan'uwana marubuci ya yi a kan halin da wasannin guje-guje da tsalle-tsalle suke ciki a Najeriya, inda ya yanke hukuncin cewa hukumar da ke kula da su ta ƙasa, wato AFN, ba ta da sauran amfani. A ganinsa gara a janye mata kuɗin gwamnati, a bar ta ta mutu, a ƙyale iyaye da kamfanoni da jami'o'in waje su ci gaba da fito mana da zakaru. Ya kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, gudu baiwa ce daga Allah, babu ofishin da ke ƙera ta. Na biyu, duk tauraron da muke taƙama da shi a yau jami'ar Amurka ce ta raine shi. Na uku, hukumar ta sha kunyata ƙasar nan a idon duniya har an gaji da ƙirga.

Malam, fushinka yana kan hanya, kuma ni ma ina cikin masu wannan fushi. Inda muka rabu shi ne maganin da ka kawo. Idan aka bi shawararka, waɗanda suka yi sakaci za su koma gidajensu su huta, yaran da ke gudu ba takalmi a filayen makarantunmu su ne za su biya bashin. Bari in ɗauki hujjojin naka daga ta ƙarshe, domin ita ce mafi ƙarfi.

Babu mai musun abin kunyar Tokyo. A ƙarshen watan Yulin 2021, ana daf da fara tsere a gasar Olamfik, sashen da ke yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari na hukumar wasannin ta duniya ya hana 'yan Najeriya goma shiga fili. Ba a kama ko ɗaya daga cikinsu da shan wani abu ba. Laifin shi ne an sa Najeriya a rukunin ƙasashen da ake sa wa ido sosai, kuma doka ta ce duk ɗan wasan irin wannan ƙasa sai an yi masa gwajin ba-zata sau uku a cikin watanni goman da suka gabaci gasar. Ba a cika musu gwajin ba. Yaran nan sun riga sun isa Japan, sun shiga masauki, wasu iyayensu sun tara dangi za a kalle su a talabijin. Duniya ta ga hotunansu suna zagaya unguwar 'yan wasa ɗauke da kwalaye, suna kukan an kashe musu wahalar shekaru. A wannan gasa ce kuma ɗan wasanmu na jifan dalma, Chukwuebuka Enekwechi, ya nuna kansa yana wanke rigarsa ta wasa a bahon wanke hannu bayan ya kai zagayen ƙarshe, domin ita kaɗai gare shi. Duk wannan ya faru ne bayan hukumar ta dare gida biyu tun 2019, kowane ɓangare yana cewa shi ne halattacce, ana ta jayayya a kan shugabanci da kwangilar kayan sawa ta kamfanin Puma.

Ɗaya daga cikin goman nan, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma tana yi wa Amurka wasa, ta kuma ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, a gasar da Najeriya ta dawo hannu rabbana. A Paris ɗin ma, Favour Ofili, wadda ita ma tana cikin goman Tokyo, ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba. Duk na yarda da waɗannan, kuma da ka ƙara wasu ma ba zan musa ba.

To amma Malam, ka tsaya ka dubi abin da waɗannan labarai suke nunawa. Da dama daga cikin goman nan a jami'o'in Amurka suke karatu, da ƙwararrun masu horarwa da filaye na zamani da abinci mai kyau. Duk wannan gata bai shigar da su fili a Tokyo ba, saboda akwai aikin da jami'a ba ta da hurumin yi. Hukumar wasannin ta duniya hukuma ɗaya tak ta sani a kowace ƙasa. Ita ce ke da alhakin tabbatar da an yi gwaji, ita ke tantance sakamako, ita ke zaɓen tawaga, ta hannunta sunan ɗan wasa ke bi kafin ya isa ga masu shirya gasa. Ranar da ta yi barci, mutum goma sun rasa Olamfik. Abin da barcinsa na 'yan watanni ke jawo irin wannan asara, ta yaya za a ce rashinsa gaba ɗaya ne zai zama alheri? Muna da misalin ƙasar da ta rasa hukumarta. A watan Nuwamban 2015 aka dakatar da hukumar Rasha saboda badaƙalar ƙwayoyi, kuma a gasar Rio ta 2016 mace ɗaya tak, Darya Klishina mai dogon tsalle, aka bari ta yi wasa a wannan fanni daga ƙasar da ta saba kwasar lambobi. Rasha ba ta rasa masu baiwa ba, ba ta rasa filaye ko kuɗi ba. Hukuma sahihiya ta rasa, sai ƙofa ta rufe a kan kowa.

Akwai kuma misalin ƙasar da hukumarta ta durƙushe ta sake tashi. A gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996 Najeriya ta ci zinare biyu, na ƙwallon ƙafa da na Chioma Ajunwa wadda ta yi tsallen mita 7.12. Birtaniya zinare ɗaya ta samu a dukkan wasanni, har muka fi ta matsayi a teburin lambobi. Shekara ɗaya bayan haka hukumar guje-gujen Birtaniya ta tsiyace, ta kasa biyan basussukanta. Turawan ba su ce tunda ta gaza a zauna haka nan ba. Sun kafa sabuwa a 1999, suka ware kuɗi na dindindin domin 'yan wasa da masu horarwa, suka gindaya sharaɗin cewa hukumar da ba ta kawo sakamako da lissafi mai tsabta ba za a rage mata kaso. A 2012, a dare ɗaya a filin wasa na Landan, Jessica Ennis da Greg Rutherford da Mo Farah suka ci zinare uku cikin ƙasa da awa ɗaya. A Rio kuwa Birtaniya ce ta biyu a duniya. Mu da muke gabansu a 1996, zinaren da muka ƙara a tsere shi ne na miƙa sanda na mita 400 sau huɗu na Sydney a 2000, wanda ma sai a 2012 aka tabbatar mana da shi bayan an ƙwace na Amurka, lokacin Sunday Bada, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tseren, ya riga ya rasu bai gan shi ba. Bambancinmu da su shi ne sun ɗauki rugujewar hukumarsu a matsayin aikin da ya wajaba a gyara.

Sai hujjarka ta biyu, cewa Amurka ce ke yi mana zakaru. A nan ina ganin ka fara karanta labarin daga tsakiya. Ɗauki Tobi Amusan, wadda ka fi ambata. Gaskiya ne ta yi karatu a jami'ar Texas da ke El Paso, kuma gaskiya ne a Eugene ta Amurka ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Amma jami'ar ba ta je garinsu Ijebu-Ode ta tsinto ta a layi ba. A 2013 an yi gasar matasan Afirka ta farko a Warri, yarinyar nan ta ci azurfa a mita 200. A 2015 ta ci zinare a gasar 'yan ƙasa da shekara ashirin ta Afirka a Addis Ababa, ta sake cin zinare a gasar ƙasashen Afirka a Brazzaville. Sai bayan wannan ne, a 2016, ta tafi Amurka. Wa ya shirya gasar Warri? Wa ya tace ta daga cikin 'yan mata, ya sa ta a tawaga, ya hau da ita jirgi zuwa Habasha da Kongo? Hukumar nan ce da kake cewa ba ta taɓa tsinana komai ba, tare da gwamnatin jihar da ta karɓi baƙuncin gasar. Kocin jami'ar Amurka ba ya ba da gurbin karatu kyauta saboda an ce masa yarinya tana da gudu. Lokaci yake dubawa, wanda aka auna da na'ura, a gasar da aka amince da ita, aka rubuta a inda zai iya gani. Idan babu hukumar da ke shirya irin wannan gasa, babu lokacin da zai gani, babu kuma gurbin karatu.

Ka kuma tsallake Ese Brume, domin ba ta shiga ƙa'idarka ba. Ta ci zinaren dogon tsalle a gasar ƙasashe renon Ingila a Glasgow a 2014 tana da shekara goma sha takwas, kocinta kuma ɗan Najeriya ne, Kayode Yaya. Karatunta na jami'a a tsibirin Saifurus ta yi. Ita ce ta karya tarihin Ajunwa na Afirka da tsallen mita 7.17 a 2021, ita ce kuma ta ceto mana fuska da tagulla a Tokyo.

Ko da an yarda cewa hanyar Amurka tana aiki, tambayar ita ce: tana aiki ga wa? Tana aiki ga yaron da ya gama sakandare da takardu masu kyau, Turancinsa ya nuna, yana da fasfo, an san ranar haihuwarsa, kuma akwai wanda zai haɗa shi da koci a can. Yara nawa ne a Gumel ko Yawuri ko Gembu suka cika waɗannan sharuɗɗa? Sannan jami'a buƙatar kanta take bi. Tana so yaro ya kawo mata maki a gasanninta tun daga Janairu har Yuni, a cikin rufaffen zaure da kuma fili, sai ya iso gasar duniya ta Agusta a gajiye. Ba laifinta ba ne, domin ba don tutar Najeriya aka gina ta ba. Ƙasar da ta jingina makomar 'yan wasanta a kan buƙatar wasu, ranar da buƙatar ta canja sai ta tashi a tutar babu. Kuma wanda ya raini yaro shi ke da bakin magana a kansa. Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a mita 100 a Athens a 2004. Gloria Alozie, bayan ta ci mana azurfa a Sydney, ta koma Sifaniya. Femi Ogunode ya tafi Ƙatar. Salwa Eid Naser, wadda aka haifa a Najeriya, ta zama zakarar duniya a mita 400 a Doha a 2019 da rigar Bahrain. Shawararka, Malam, ita ce a mayar da wannan zubar jini ta zama manufar ƙasa.

Yanzu hujjarka ta farko, cewa gudu baiwa ce. Babu mumini da zai musa cewa Allah ne ke ba da ita. Amma iri mai kyau ma sai ya samu gona da aka share, da mai shuka shi a kan kari, da mai nome shi, kafin a ga zangarniya. Wanda aka bari a rumbu, ƙwari ne ke cinye shi. Allah bai keɓe tsibirin Jamaika da ƙafafu masu sauri ba. Mutanenta ba su kai miliyan uku ba, ba su kai rabin mutanen jihar Kano ba. Abin da suke da shi shi ne gasar makarantun sakandare da ake yi tun 1910, wadda ke cika babban filin wasa na Kingston kowace shekara, da kwalejin G.C. Foster da aka buɗe a 1980 domin horar da malaman wasanni, har ta kai kusan kowace makaranta tana da kocin da ya san aikinsa. Na san za ka ce ƙungiyar shugabannin makarantu ce ke shirya wannan gasa, ba hukumar ƙasa ba, kuma haka ne. Sai dai hukumar ƙasar, wadda aka kafa a 1932, ita ce ke ba da alƙalai da ƙa'idoji, ita ke karɓar yaran da suka yi fice ta kai su gasar matasan yankin Karebiyan, daga nan zuwa ta duniya. Ita ce ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 2002, inda wani dogon yaro ɗan shekara goma sha biyar mai suna Usain Bolt ya ci mita 200 a gaban mutanen ƙasarsu. Bolt bai je jami'ar Amurka ba. Shelly-Ann Fraser-Pryce da Asafa Powell ma a gida suka yi horo, a kulob ɗin MVP da Stephen Francis da abokansa suka kafa a 1999. Jamaika ta daɗe tana tura yaranta Amurka, amma zamanin da ta fi haskakawa shi ne lokacin da ta iya riƙe su a gida.

Idan Jamaika ta yi nisa, ga Botswana, ita ma mutanenta ba su kai miliyan uku ba. Letsile Tebogo ya ci zinaren mita 200 a Paris da daƙiƙa 19.46, kocinsa kuma ɗan ƙasarsu ne. Shekara ɗaya bayan haka, a gasar duniya ta Tokyo, 'yan Botswana suka doke Amurka a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Mutum ɗaya yana iya zama sa'a. Mutum huɗu a lokaci guda, daga ƙasa mai wannan ƙanƙanta, aikin tsari ne.

Kenya da Habasha su ne aka fi kafa hujjar baiwa da su, ana cewa tsaunuka ne da jini. To a duba da kyau. Abebe Bikila, wanda ya ci gudun yada ƙanin wani a Rum ba takalmi a 1960, sojan fadar sarki ne, yana da albashi da koci. Kipchoge Keino ɗan sanda ne. Har gobe rundunar 'yan sanda da ta soja da hukumar gidajen yari ta Kenya suna ɗaukar 'yan tsere aiki, su kuma fafata da juna a gasar ƙasa. A garin Iten, wani malamin mishan ɗan Ireland, Colm O'Connell, ya zauna a makarantar St Patrick's tun 1976 yana rainon yara, daga hannunsa David Rudisha ya fito. A Bekoji ta Habasha, malamin makaranta Sentayehu Eshetu ne ya fara horar da Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Waɗannan malamai biyu sun yi aikin da ba a mantawa, amma akwai tsani a gabansu: gasar gunduma, ta yanki, ta ƙasa, sansanin horo, sannan tawagar ƙasa. Yaron da malami ya gano ranar Asabar ya san inda zai je a wata mai zuwa. Wannan tsani hukumar ƙasa ce ke kafa shi.

A nan ne maganar ta fi shafar mu a Arewa, kuma a nan ne rubutunka ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa halartar ranar wasannin gidaje a sakandaren gwamnati ya san yadda abin yake. An zana layuka da toka ko farar ƙasa a filin da rabinsa burtali ne. An kafa rumfa, an kawo babban baƙo, 'yan gidan ja da na kore da na shuɗi suna ta ihu. Sai a zo tseren mita 1,500, wani siririn yaro ɗan aji uku, wanda kullum yake tafiyar kilomita da yawa daga ƙauyensu, ya fito da gajeren wando ba takalmi. Kafin a yi zagaye biyu ya ba na biyu rata mai nisa, ya ƙarasa ko haki ba ya yi sosai. Malamin wasanni ya duba agogon wayarsa ya girgiza kai, ya rubuta lokacin a bayan takardar jadawali. Babu wanda ya san ko zagayen filin ya kai mita 400. A ba yaron bokitin roba da littattafan rubutu, a yi masa tafi, a watse. Takardar ta ɓata kafin ƙarshen zango. Shekara mai zuwa yaron yana tuƙa babur ko yana tura baro a kasuwa. Wace jami'ar Amurka ce za ta ji labarinsa? Wane kamfani ne zai zuba kuɗi a kan yaron da ba a san da shi ba? Kamfani yakan zo ne bayan suna ya fito, domin talla yake nema. Tsakanin shekara goma sha biyu zuwa goma sha bakwai, lokacin da icce yake ɗanye, babu riba a cikin yaro, don haka babu ɗan kasuwar da zai je nemansa. Wanda aka ɗora wa alhakin zuwa, ko da riba ko babu, shi ne hukuma.

Kuma Allah bai hana mu ƙasar da ta dace da dogon gudu ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Pankshin ta ɗara haka, tsaunin Mambila ya kai wajen mita 1,600. Ba su kai Iten mai mita 2,400 ba, amma sun isa a kafa sansani. Tun da aka fara gudun famfalaki na birnin Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, a rukunin 'yan gida kuma 'yan Filato ne suka fi yin gaba, da ɗan abin da suke da shi. Tarihin ƙasa na wannan gudu da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa biyu da minti 16, ya shafe sama da shekara talatin ba a taɓa shi ba, alhali tarihin duniya yana ta ƙara sauka. Ga shi nan an gwada tsarin da kake so: kamfanoni sun zuba kuɗi, an rufe tituna, an kawo 'yan jarida, an raba daloli. Tseren ya yi kyau, amma bai haifar mana da zakara ba, domin shirya biki na rana ɗaya daban, rainon ɗan wasa na shekara goma daban. Uganda ta fahimci wannan. Ta mayar da hankali a kan yankin Kapchorwa, ta ɗauki 'yan tsere aiki a 'yan sanda da gidajen yari, sai ga Stephen Kiprotich da zinare a Landan, ga Joshua Cheptegei da tarihin duniya a mita 5,000 da 10,000.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun nuna mana abin da tsari ke yi, a wasan da muka gada tare. Kokawa tana nan a kowane ƙauye tun kaka da kakanni, a Gobir da Katsina da Damagaram duka ɗaya. Amma tun 1975 suka mayar da ita gasar ƙasa ta neman takobi, ana tace 'yan kokawa daga ƙananan hukumomi zuwa jihohi, ana zagayawa da gasar daga wannan jiha zuwa waccan. Yau yaron da ke kokawa a dandalin ƙauye a Nijar ya san matakan da zai taka har ya kai ga takobi.

Mu ma ba baƙin tsari ba ne. Tushen hukumar nan ya faro tun 1944. Emmanuel Ifeajuna ya ci zinaren tsallen sama a Vancouver a 1954 daga tsarin gasar makarantu na wancan zamani. An fara bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973, Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, Bauci a 2000. Akwai lokacin da gasar ƙasa da kamfanin Mobil ya ɗauki nauyi take tara taurarinmu na gida da na waje kowace shekara, 'yan sanda da soja da kwastan suna da ƙungiyoyin tsere masu ƙarfi. Ajunwa da Bada duk 'yan sanda ne. Zuriyar Innocent Egbunike da Mary Onyali da Falilat Ogunkoya daga wannan tsari suka fito. Yawancinsu sun je Amurka daga baya, amma gida ne ya gano su. Abin da ya lalace shi ne matakan ƙasa na tsanin, kuma su ne ya kamata mu yi ta kuka a kansu.

Saboda haka maimakon kiran a rushe, ga abin da nake ganin ya dace alƙalumanmu su nema. A fitar da jadawalin gasa na shekara tun watan farko, kuma a cika shi, har da gasar 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar da goma sha takwas a kowace shiyya ta ƙasar nan, ba a Legas da Asaba da Benin kaɗai ba. A haɗa kai da ma'aikatun ilimi na jihohi a ba malaman wasanni horo na matakin farko, a koya musu auna fili da riƙe agogo, a buɗe rajista guda inda sakamakon kowace gasar makarantu zai shiga, da sunan yaro da shekarunsa na gaskiya. A kafa sansanin dogon gudu na dindindin a Filato ko Mambila. A nemi hukumomin tsaro su dawo da ɗaukar 'yan wasa aiki da gaske, domin yaron talaka ba ya gudu da yunwa. A samar wa 'yan mata masu horarwa mata da suturar da iyayensu za su aminta da ita, in ba haka ba rabin baiwarmu a ɗaka za ta ƙare. A ware jami'i wanda aikinsa kawai shi ne gwaji da shigar da sunaye, wanda za a san shi ne za a tuhuma idan aka sake yin irin ta Tokyo da Paris. Sannan Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka dawo da ita a 2024 bayan an soke ma'aikatar wasanni, ta sa sharaɗi: ba za a saki kuɗin baɗi ba sai an buga lissafin bana kowa ya gani. Ƙungiyoyin jihohinmu na Arewa kuma, waɗanda ke da ƙuri'a a zaɓen shugabannin hukumar, su daina tunawa da kujerunsu sai ranar zaɓe. Mu tambaye su gasa nawa suka shirya a shekarar da ta wuce, yara nawa suka kai gasar matasa ta ƙasa.

Malam, Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai da ni duk muna so mu ga ranar da ɗan Najeriya zai hau dandamali a Olamfik da rigar ƙasarsa, ba da ta wasu ba. Idan ka kira sunayen waɗanda suka yi sakaci ka nemi a hukunta su, ina bayanka. Idan ka nemi a binciki kowace naira da ta shiga hukumar, zan sa hannu. Amma kiran a bar ta ta mutu kyauta ce ga masu sakacin, domin wanda aka ce aikinsa ba shi da amfani an sauke masa nauyin yin sa. Ina roƙonka ka sake ɗaukar alƙalami, mu haɗu mu matsa wa hukumar nan lamba har sai ta yi aikin da aka kafa ta dominsa.